Nazarin Taurari da Dalilan Ayyukansu a Gajerun Labaran Achebe: Abin da Aka Gani a Azuzuwan Ƙasar Gwaram da Birnin Kudu

1.0 Gabatarwa



Duk malamin da ya taɓa koyar da adabin Turanci a makarantar sakandare a ƙasar Hausa ya san wata tambaya da ba ta ɓacewa daga takardun jarrabawa, watau a ce wa ɗalibi ya bayyana halin wane a cikin labari kaza. Ya kuma san irin amsar da ke dawowa: wane mutumin kirki ne, wane mugu ne, sa'an nan a rufe da darasin da labarin ya koyar. Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa irin wannan amsa tana da asali a tarbiyyar adabi da yaro ya taso da ita tun daga gida, kuma muddin malami bai gane wannan asali ba, to, zai yi ta karanta wa yara labari suna jin wani labari dabam. Za a kafa hujja da gajerun labarai uku na Chinua Achebe (1930-2013), waɗanda ke cikin littafinsa Girls at War and Other Stories da kamfanin Heinemann ya buga a 1972, tare da abin da na gani da idona wajen zagayen duba ɗalibanmu masu koyon aikin koyarwa a makarantun da ke tsakanin Birnin Kudu da Kwandiko ta ƙasar Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa.

2.0 Tauraro a tatsuniya da tauraro a gajeren labari

Kafin yaro ya buɗe littafin Turanci, ya riga ya yi shekaru yana sauraron tatsuniya. A tatsuniya kuwa suna shi ne hali. Da an ce Gizo an san za a yi wayo, da an ce Kura an san za a yi haɗama da wauta, da an ce kishiyar uwa an san marainiya za ta sha wuya. Babu mai tambayar abin da ya sa Kura ta yi haɗama, domin haɗamar ita ce Kura. Masanin nan na Rasha, Vladimir Propp, ya nuna a 1928 cewa a tatsuniyoyin ƙasarsu aikin da tauraro ke yi cikin zubin labari shi ne abin lura, har ya ƙidaya ayyuka 31 da ke maimaituwa ko da an canza sunayen masu yin su. Abin da ya faɗa ya yi kusa da abin da muka sani a namu tatsuniyoyi.

Rubutaccen zube na Hausa ya gaji wani abu daga wannan tsari. A Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, kwaɗayin sarauta da ke zuciyar Waziri a fili yake tun daga farko, mai karatu ba ya buƙatar ya tono shi. Amma tun cikin littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya akwai wanda ya fita daban, watau Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, inda Abubakar, wanda aka zalunta aka raba shi da Zainabu, ya bi hanyar ramuwa har ya koma abin tsoro da abin tausayi a lokaci guda. Ke nan adabinmu bai rasa tauraro mai sarƙaƙƙen hali ba, sai dai ba shi ne yara suka fi sabawa da shi ba.

E. M. Forster, a littafinsa Aspects of the Novel na 1927, ya kasa taurari gida biyu: wanda aka gina shi a kan hali ɗaya tak, da wanda yake iya ba mai karatu mamaki ta hanyar da hankali zai karɓa. Gajeren labari na zamani ya fi dogara da na biyun, kuma da yake ba shi da filin dogon bayani, marubuci yakan ɓoye dalilin aikin tauraro a cikin jimla ɗaya ko biyu, ko ma a cikin jerin abin da ya faru kafin wani. Wanda ya yi gaggawar yanke hukunci sai ya tsallake su.

Saboda haka nake ganin ya kyautu a koya wa ɗalibi ya nemi dalilai iri uku ga kowane babban aiki na tauraro. Akwai dalilin baki, watau abin da tauraro ya faɗa da kansa. Akwai dalilin zuci, watau abin da ayyukansa suka tona ko da bai faɗa ba. Akwai kuma dalilin zamani, watau halin rayuwa da ya matsa masa. Wannan rabe-rabe ba baƙo ba ne ga ɗan Bahaushe. Hadisin farko a cikin Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi, wanda yara ke haddacewa a Islamiyya, a kan niyya yake magana, kuma Bahaushe ya daɗe yana cewa labarin zuciya a tambayi fuska.

3.0 Michael Obi da hanyar matattu

Labarin "Dead Men's Path", watau hanyar matattu, Achebe ya rubuta shi a 1953 yana ɗalibi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. A cikinsa 'yan mishan sun naɗa Michael Obi, saurayi ɗan shekara 26, hedimastan makarantar Ndume a watan Janairu na 1949. Shi da matarsa Nancy suka ƙudura gyara makarantar, suka dasa furanni da shinge. Sai Obi ya ga wata tsohuwa ta ratsa ta cikin furannin, ashe akwai tsohuwar hanya da ta haɗa wurin tsafin ƙauyen da maƙabartarsu. Ya sa aka toshe ta da itatuwa da waya mai ƙaya. Sarkin tsafi ya zo ya roƙe shi ya buɗe, ya ƙi. Bayan kwana biyu wata mata ta mutu wajen haihuwa, mai duba ya ce kakanni ne suka yi fushi, aka wayi gari an tattake furanni, an tumɓuke shinge, an rushe ɗaya daga ginin makarantar. A ranar Bature mai duba makarantu ya zo ya rubuta mummunan rahoto a kan Obi.

A wata makaranta kusa da Kwandiko na zauna a bayan aji, ɗalibarmu mai koyon aiki ta karanta wannan labari da 'yan ajin farko na babbar sakandare, ta tambaye su wa ke da laifi. Ajin ya amsa da murya ɗaya cewa sarkin tsafi ne, domin Obi yaƙi yake yi da shirka da camfi. Malamar ta karɓi amsar, ta rubuta a allo cewa darasin labarin shi ne a guji camfi. Ba na ganin laifin yaran, ba na kuma ganin laifinta sosai, domin haka aka koya mata a lokacin da take ɗaliba. Amma labarin da Achebe ya rubuta ba a taɓa shi ba tukuna.

In muka bi matakan nan uku, ga abin da za mu samu. Dalilin baki shi ne abin da Obi ya gaya wa sarkin tsafi, cewa aikin makaranta shi ne kawar da irin wannan imani, har a koya wa yara su riƙa yi masa dariya. To, amma wannan magana ta zo ne bayan an riga an kafa waya. Kafin a kafa ta, lokacin da wani malami da ya shekara uku a makarantar ya gargaɗe shi cewa an taɓa yin babbar rigima a kan hanyar, abin da Obi ya kawo shi ne zuwan jami'in ilimi na gwamnati mako mai zuwa, da abin da jami'in zai ɗauka in ya ga mutanen ƙauye suna ratsa makaranta. Dalilin zuci ke nan: son a yaba masa daga sama, da son ya nuna wa tsofaffin hedimastoci, waɗanda marubucin ya ce Obi ya saba kushe su a fili, yadda ake tafiyar da makaranta. Marubucin ya ƙarfafa wannan ta wajen Nancy, wadda burinta shi ne ta zama sarauniyar makaranta da matan malamai za su yi koyi da ita, har ranta ya ɓaci da ta ji sauran malaman ba su da aure. Miji da mata duka idon jama'a suke nema. Dalilin zamani kuwa shi ne mulkin mallaka, inda ci gaban ɗan boko ya rataya a kan alƙalamin Bature.

Shi kuma sarkin tsafi, abin lura shi ne bai nemi a rufe makaranta ba, bai nemi Obi ya bi addininsa ba. Ya zo da kansa, yana tsoho, ya kawo karin maganar Ibo mai nufin kowa ya bar wa ɗan'uwansa wurin zama. Obi ya mai da masa da ba'a, ya ce za a iya yi wa kakannin wata hanya ta zagaye. Ƙarshen labarin ya tabbatar da wannan fahimta, domin mummunan rahoton da Obi ya toshe hanya don gudunsa shi ne ya same shi.

Da malamar ta ba ni dama, sai na tambayi yaran da Hausa ko akwai wanda ya taɓa ganin an nome burtali, ko an kewaye fili an toshe hanyar da ake bi da gawa zuwa maƙabarta. Hannuwa suka tashi, domin a ƙasar noma da kiwo irin ta Gwaram ba a buƙatar a yi wa yaro bayanin abin da ke biyo bayan toshe burtali. Na ce to, in baƙon ma'aikaci ya yi haka watanni kaɗan da zuwansa, dattijon gari ya taka ya same shi, shi kuma ya yi masa dariya, me za a kira shi? Wata yarinya ta ce marar ta-ido, wani ya ce ba shi da ladabi. A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa halaye goma, cikinsu har da ladabi da hankali da haƙuri da mutunci. Ma'aunin yana hannun yaran tun da farko. Kalmar tsafi ce ta rufe musu ido har suka manta da shi.

4.0 Okeke: uba ko azzalumi

Labari na biyu, "Marriage is a Private Affair", ya fara fitowa a 1952. Nnaemeka, ɗan ƙabilar Ibo mai aiki a Legas, ya zaɓi auren Nene, malamar makaranta 'yar ƙabilar Ibibiyo, alhali mahaifinsa Okeke ya riga ya zaɓa masa Ugoye, 'yar maƙwabcinsu. Uban ya yanke hulɗa da shi shekara takwas.

A nan ajin yakan rabu biyu, kuma kowane ɓangare da tubalinsa na gida. Wasu suna ɗaukar Nnaemeka a matsayin ɗa marar biyayya wanda ya saɓa wa mahaifi. Wasu kuma, musamman waɗanda suka sha karanta littattafan soyayya na Kano da suka bunƙasa tun tsakiyar shekarun 1980, ko suka saba kallon finafinan Hausa, nan take sai su ga labarin auren dole, su sa Okeke a gurbin mugun uba. Duka biyun hukunci ne da aka shigo da shi daga waje.

Dalilin bakin Okeke biyu ne: yarinyar ba ta jin harshensu, kuma a fahimtarsa ta wasiƙun Bulus bai kamata mace Kirista ta yi koyarwa ba. Amma marubucin ya sa wani abu da ke hana mu ɗaukarsa jahili mai bin al'ada ido rufe. Lokacin da dattawan ƙauye suka ba shi shawarar ya nemi boka ya yi wa ɗan magani, ƙi ya yi. Mutum ne da ya riga ya rabu da wasu al'adun garinsu, ya zaɓi wanda zai riƙe. Abin da ya riƙe kuwa shi ne ikon uba a kan auren ɗansa, ga kuma kunyar maganar da ya riga ya ƙulla da gidan su Ugoye. Da aka aiko masa da hoton biki, sai ya yanke wajen amaryar ya mayar. Wanda ya fid da ɗansa daga rai ba ya ɓata lokaci ya ɗauki almakashi. Wannan aiki na mai jin ciwo ne.

Shi ya sa ƙarshen labarin bai zo da mamakin da hankali zai ƙi ba. Nene ta rubuto cewa jikokinsa biyu maza suna son ganinsa, ita za ta zauna a Legas in ya yarda su zo da ubansu. Okeke ya yi ƙoƙarin taurare zuciyarsa, hadari ya haɗu, ruwan farko ya sauko, ya kwana yana nadama da tsoron kada ya mutu bai gyara ba. Ɗalibin da ya rubuta cewa Okeke mugu ne ba shi da abin da zai yi da wannan sakin layi na ƙarshe. Wanda ya bi sawun hoton da aka yanke ya san tun tuni cewa ƙauna ce ta juye ta zama fushi.

5.0 Jonathan Iwegbu da iyakar haƙuri

Labari na uku, "Civil Peace", na 1971 ne, an gina shi a kan bayan Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970. Jonathan Iwegbu, tsohon mai haƙar kwal a Inugu, ya fito daga yaƙi da ransa, da matarsa Maria, da uku daga 'ya'yansa huɗu, da kekensa da ya binne don kada soja su ƙwace. Ya sami fam 20 a madadin kuɗin Biyafara da ya miƙa, a daren ɓarayi suka zo suka karɓe. Da gari ya waye aka same shi da iyalinsa sun koma sana'a, yana cewa kuɗin ba komai ba ne.

Wannan tauraro yara suna ƙaunarsa, kuma nan da nan suke ce masa mai haƙuri da tawakkali, domin yana da wata kalma da yake maimaitawa mai nufin babu abin da ke gagarar Allah. Amsar ba kuskure ba ce, sai dai ta tsaya a dalilin baki. Marubucin ya gaya mana cewa a maƙabartar da aka binne ƙaramin ɗansa, nan ya binne keken. Ya gaya mana cewa a daren fashin iyalin sun yi ta kururuwa, babu maƙwabci ko ɗan sanda da ya amsa, har ɓarayin suka taya su kira don izgili. Mutumin da ya binne ɗa, ya kuma ga babu hukumar da za ta kare shi, lissafinsa a fili yake: kawuna biyar sun fi fam 20. Raina kuɗin da ya yi da safe hanya ce ta tsare mutuncinsa gaban maƙwabtan da suka yi shiru da dare. Kada kuma a manta cewa wannan mai tawakkali yana surka bammin da yake sayar wa soja da ruwa. Achebe bai ba mu waliyyi ba. Ya ba mu talakan da yaƙi ya koya wa dabarun tsira, kuma ta bakinsa mai godiya aka soki irin zaman lafiyar da aka samu.

6.0 Wasu ƙorafe-ƙorafe

Na san za a iya ta da magana biyu. Ta farko, wani zai ce nuna wa yaro Musulmi cewa sarkin tsafi ya fi Obi hankali tamkar gyara wa tsafi zama ne. Amsa ita ce fahimtar dalilin mutum daban, yarda da aƙidarsa daban. Alƙali yakan saurari ɓangarori biyu kafin ya yi hukunci, ba a kuwa cewa ya goyi bayan mai laifi don ya saurare shi. Ba a nemi yaro ya gaskata cewa matattu suna bin hanya ba. An nemi ya gane cewa mai gaskiya a aƙida yana iya ɓata al'amari da girman kai, wannan kuwa darasi ne da malaman addini da kansu suke koyarwa.

Ta biyu, wani zai ce yaran da ke fama da karanta jimlar Turanci ina su ina tono dalilin zuci. Wannan ƙorafi yana da nauyi, domin a makarantun karkara sau da yawa littafi ɗaya ne a hannun malami, shi ke karantawa yara na saurare. Amma abin da na gani shi ne raunin yana wajen harshe, tunanin kuwa lafiyarsa lau. Yaron da ya kasa haɗa jimla biyu da Turanci a kan Obi, shi ne ya yi mini bayani mai ma'ana da Hausa a kan rikicin burtali. Gajeren labari ma ya fi dacewa da wannan hali, tun da ana iya kwafe shi a 'yan shafuka, a karanta shi sau biyu cikin darasi ɗaya.

7.0 Shawarwari

Na farko, malami ya raba allo gida uku ga kowane tauraro: abin da ya faɗa, abin da ya aikata, abin da yake tsoro ko ya rasa. Kada a karɓi kowace sifa, ko mai kyau ko mummuna, sai ɗalibi ya nuna wurin da ya samo ta a cikin labarin.

Na biyu, a riƙa lura da jerin aukuwar abubuwa, a tambayi yara me ya faru daf da aikin, domin a nan marubuci ya fi ɓoye dalili, kamar yadda muka gani ga wayar Obi.

Na uku, a bar yara su yi muhawara da Hausa, ko ma su shirya zaman sulhu irin na gaban dagaci, wani ya tsaya wa Obi wani ya tsaya wa ƙauye, sa'an nan su rubuta sakamakon da Turanci.

Na huɗu, mu malaman kwalejojin ilimi mu gyara irin tambayar da muke yi. Maimakon a ce bayyana halin Okeke, a ce me ya sa Okeke ya yanke hoton bai ƙone shi duka ba. Sassan Hausa da na Turanci su haɗa kai, a karanta Jiki Magayi kusa da labaran Achebe, domin ɗalibi ya ga cewa dabarar ɗaya ce a harsunan biyu.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa ɗaliban ƙasar Gwaram da Birnin Kudu suna zuwa aji da tubalan da tatsuniya da littattafan soyayya da tarbiyyar gida suka ba su, kuma waɗannan tubala suna iya rufe labari kamar yadda suke iya buɗe shi. Obi da Okeke da Jonathan kowannensu ya faɗi dalili ɗaya da bakinsa, ayyukansa suka nuna wani, zamaninsa ya ƙara na uku. Yaran da muke koyarwa su ne gobe za a tura ƙauyuka a matsayin hedimastoci da malaman gona da ma'aikatan asibiti, kuma kowannensu zai tarar da wata tsohuwar hanya ta ratsa filin aikinsa. In darasin adabi ya koya masa ya tambayi dalili kafin ya kafa waya, to, ya biya kuɗin allinsa. Ina fata malaman da suka gwada wannan hanya a wasu sassan ƙasar Hausa za su gaya mana abin da suka samu, domin a gyara inda na yi kuskure.